Lambar QR Ɗin Da Na Yi Wa Yayana

Shekarun baya, lokacin da nake aiki a wani shagon kwamfuta kusa da Tina Junction a Jos, na yi wa yayana wani taimako da ya zama sanadin rufe shagonsa. Ban taɓa ba da labarin a nan ba. Jiya wata ta tambaye ni dalilin da ya sa nake takura wa masu kawo min aiki da yawan gwaje-gwaje, na ce mata haka halina yake. Ba gaskiya na faɗa mata ba, shi ya sa yau na zauna in rubuta.

Yayana ya girme ni da shekara takwas. Yana aji shida na firamare sanƙarau ya kama shi. Ya tashi daga jinyar, amma bai sake jin ko ƙarar tsawa ba. Yana magana, da ƙarfi ma kuwa, don ba ya jin muryar kansa. Idan ka fuskance shi ka yi magana a hankali yana karanta motsin bakinka, abin da ya gagara sai ya zaro ɗan littafi daga aljihu ya miƙo maka ka rubuta. A Naraguta ya koyi aikin fata, daga baya ya kama ɗan shago a unguwar Congo-Russia. Gyaran takalma ne ke ciyar da shi da matarsa da jaririyarsu, amma jaka ce abin da ransa ke so. Jakar ofis, jakar mata, jakar saka kwamfuta. Bakin jakar da hannu yake ɗinke shi, da basilla da zare mai kaki, ɗinkin a jere kamar an auna da ma'auni.

Matsalarsa ɗaya ce, waya. Wani zai ga jakar a hannun abokinsa, ya karɓi lamba, ya kira. Yaya zai ga wayar tana haske, ya ɗaga ya ce, "Ba na ji, ku rubuto," sai a kashe. Waɗanda suka bi ta WhatsApp kuma sai su turo saƙon murya na minti uku. Dole ya jira matarsa ta dawo daga kasuwa da yamma ta saurara ta rubuta masa, kafin nan mai saye ya nufi wani wajen. Akwai ranar da wani ya turo murya yana cewa wane irin mai sana'a ne wannan da ba ya iya magana da mutane. Matar ta rasa yadda za ta yi, ta ce masa mutumin kuɗin jaka kawai ya tambaya.

A daidai lokacin na koyi haɗa lambar QR, wato ɗan zanen nan mai kusurwa huɗu da ake haska wa kyamarar waya ya buɗe maka wani abu. A bidiyo na koya, cikin rabin yini. Ogana ya fara kira na injiniya don tsokana, ni kuma na ɗauki sunan da gaske. Ina tafiya a titi kamar da ni aka yi shawarar ƙirƙiro intanet.

Wata Lahadi bayan an tashi daga coci muka haɗu a gidan mahaifiyarmu. Na juya kujerata na fuskanci Yaya, na ce masa zan yi masa lambar da duk wanda ya haska ta, imel zai buɗe a wayarsa kai tsaye, da adireshin Yaya a rubuce.

"Imel ba a kira, ba a turo murya. Dole mutum ya zauna ya rubuta," na ce. "Kuma manyan ma'aikata da shi suke aiki."

Ya sa na maimaita. Sannan ya ce, "Ba wanda zai kira ni?"

"Ko ɗaya. Lambar wayar ma cire ta za mu yi daga katinka."

Mama tana tsince acca a faranti, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ku bar lambar wayar a ƙasa mana, ko da ƙananan rubutu ne."

"Mama, in aka bar ta kira za su yi, mu koma gidan jiya."

"To. Ku ne masu karatu."

Washegari na zauna gaban kwamfutar shago. Iri biyu ne lambar, kuma na san da haka. Akwai ta baƙi da fari, wadda adireshin ke cikin zanen kansa, ba ta dogara da kowa ba, ba ta mutuwa. Akwai kuma wadda wani shafin intanet ke yi maka, mai launi da ado, wadda sai ta bi ta wajensu kafin ta kai mutum inda aka nufa. Ta farkon ba ta burge ni ba. Na zaɓi ta biyun, na yi mata launin fata, na sa hoton jakar Yaya a tsakiya. Shafin ya nemi in yi rajista, na yi da imel ɗina. Akwai wani ƙaramin rubutu da Turanci a ƙasa, na ga kalmar gwaji a ciki, na danna na wuce ban karanta ba.

Da yamma na kai masa shago. Wayarsa tsohuwa ce, kyamararta ba ta iya karanta irin wannan lambar, don haka da tawa muka gwada. Na haska, imel ya buɗe, na rubuta "Ina son jaka" na tura. Wayar ta yi rawa a tafin hannunsa. Ya duba, ya ɗago ya kalle ni, ya fashe da dariyar nan tasa mai ƙarfi har mai shagon kusa ya leƙo. Ya ce in sake. Sau huɗu muka yi.

Muka buga katuna. Ni na tsara su, na ce ba na son hayaniyar rubutu: sunan shago, kalmar Jos, sai lambar. Babu waya, babu unguwa. Ya huda kowane kati, ya ɗaure shi da siririyar fata a hannun kowace jaka.

Bayan kamar kwana goma, wani dattijo a cocinmu da ke tuƙi a Kuru ya ba shi labari cewa masu kwas a makarantar horas da manyan ma'aikata za su gama, kuma 'yan kasuwa kan baje kaya a kusa da wurin a irin wannan rana. Yaya ya kwashe duk jakunkunan da yake da su ya tafi. Kafin la'asar babu ko ɗaya a hannunsa. Waɗanda ba su samu ba suka karɓi kati. Da ya dawo bai wuce gidansa ba, wajen aikina ya fara zuwa, ya buɗe ɗan littafinsa ya ajiye min a kan tebur. Wani babban ma'aikaci ne ya rubuta masa da Turanci cewa suna son irin jakar ga dukkan ma'aikatan sashensu, zai turo saƙo idan ya koma. A shafi na gaba wata mata ta rubuta kusan haka.

"Kin gani?" ya ce. "Ba wanda ya ce in ba shi lamba. Sun ga abin nan naki sun ce mun waye."

Daga wannan makon ya daina karɓar gyaran takalma. Ya ce ba ya son odar ta same shi hannu ba kaya. Ya tara duk abin da ya samu a Kuru ya sayo fata, ya shiga yanka da ɗinki. Damina ta kankama, ruwan Jos na sauka safe da yamma, shi kuwa yana zaune cikin rigar sanyi, wayar a kife kan cinyarsa don ya ji rawarta.

Sati biyu babu saƙo. Ya zo ya same ni.

"Ƙanwata, ki duba min. Ko imel ɗin ya cika?"

Na buɗe wayata, na rubuta adireshinsa da hannuna, na tura masa gaisuwa. Ta shiga nan take. Na ce, "Ka gani, lafiya lau yake. Manyan mutane ne, ayyuka sun yi musu yawa." Katin yana cikin aljihun rigarsa, ina ganin kansa ya leƙo. Ban karɓa na haska ba. Abin da zai ɗauke ni ƙiftawar ido.

Bayan wata guda ya dawo, na sake yin irin gwajin, na sake ba shi irin amsar. Zuwansa na uku ya tarar da layi a shagon, masu neman aiki suna son a buga musu takardu, firinta kuma tana cinye takarda. Ya tsaya a gefe ya jira har na ɗago. Bai ma gama tambayar ba na ce, "Yaya, in mutane ba su rubuto ba, ni zan tilasta musu?"

Na yi maganar da sauri, ina zaton ba zai kama ba. Ya kama. Ya gyaɗa kai, ya ce in yi haƙuri ya katse min aiki, ya fita cikin yayyafi. Bai ƙara tambaya ta ba.

Abin da ya biyo baya a hankali ya faru, shi ya sa ba wanda ya tare shi. Shagon nasa yana yoyo ta kusurwa ɗaya, danshi ya shiga fatun da ya jibge, suka yi fumfuna. Masu gyaran takalma da ya sallama sun samu wani wurin. Jakunkunan da ya ɗinka sun fi ƙarfin aljihun masu wucewa ta layin. Ya rage magana. Ya daina zuwa coci. Matarsa ta gaya wa Mama cewa wani lokacin sai ya ɗauki jaka da ya gama, ya zuba mata ido, ya sa almakashi ya farke ta. Kafin Kirsimeti ya karyar da jakunkunan ga wani ɗan kasuwa, ya sayar da keken ɗinkinsa, ya mayar wa mai shago makullinsa. Ya kwashi iyalinsa suka koma ƙauyenmu wajen Bokkos, gonar dankalin kawunmu.

Ranar da za su tafi na je taya su ɗaure kaya. Har na ba shi baki, na ce kasuwa haka take, wata rana sai labari. Ya dafa kaina ya ce, "Kin yi iya ƙoƙarinki. Mutane ne ba sa son hulɗa da kurma. A gabanka su yaba, su juya su manta." Na yarda da shi. Na ma ƙara da cewa mutanen yanzu ba su da alkawari.

Kusan shekara guda da zuwansa Kuru, wata mata ta shigo shagonmu yin hoton takardu. Ta ajiye jakarta a kan teburina. Tun kafin in taɓa na gane ɗinkin. Na ce mata, cikin alfahari, yayana ne ya yi ta.

Ta saki takardun ta juyo. "Yayanki? Mai shagon da ba ya ji? Baiwar Allah, ina mutumin nan ya shiga? Mun neme shi har mun gaji."

Ta ce a Kuru ta sayi jakar. Da suka koma Abuja ita da oganta suka haska katin ba sau ɗaya ba, wani shafi ne kawai ke buɗewa yana cewa an dakatar da lambar. Suka juya katin gaba da baya, babu waya, babu adireshi. Ta ce har sun sa wani direbansu da ya zo Jos ya tambaya a kasuwa, ba wanda ya gane wanda ake nufi. Wasu abokan kwas ɗinsu ma sun yi ta tambayar juna. Daga ƙarshe suka ba wani aikin.

"Ina jin ma katin yana nan," ta ce, ta zuge aljihun ciki ta zaro shi, gefensa ya ɗan tauye.

Na haska. Farin shafi ya buɗe, da layi biyu na Turanci: lokacin gwajin kyauta ya ƙare, mai lambar ya sabunta rajista. Ban san yadda na gama mata aikin ba. Tana fita na buɗe imel ɗina, wanda dubban saƙonnin talla suka cika ban taɓa sharewa ba. Na nemo sunan shafin. Ga su nan a jere, ba a buɗe ko ɗaya ba. Na farko yana cewa saura kwana uku. Na biyu yana cewa lambar ta tsaya. Wani daga baya yana cewa mutane suna ta haska lambarki, ki farfaɗo da ita. Na ƙarshe yana cewa an goge asusun. Na duba kwanan wata. Kwana huɗu bayan dawowar Yaya daga Kuru lambar ta mutu.

Na shiga bayan shagon inda muke tara kwalayen takarda, na tsuguna. Ogana ya biyo ni ya tambayi ko rasuwa aka yi. Na ce a'a. Ban san sunan da zan ba abin ba.

Sati uku na riƙe maganar a cikina. Ba na cin abinci sosai. Daga ƙarshe na je na gaya wa Mama. Ta saurare ni har na gama. Na jira ta tuna min abin da ta ce ranar Lahadin nan, ba ta yi ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi.

Na ce, "Mama, ko in bar shi haka? Faɗar ba za ta dawo da komai ba."

"Yaron nan yana can yana ganin Allah ma ya juya masa baya," ta ce. "Ki tashi ki je ki gaya masa da kanki. Wannan ba zan ɗauka miki ba."

Ranar Asabar na hau mota. Na same shi a gona da hantsi, yana huɗa, wando a naɗe zuwa gwiwa. Ya yi murnar ganina. Na kasa yin maganar da baki, don na san leɓena zai yi rawa ba zai iya karantawa ba. Na karɓi littafinsa, muka zauna kan wani dutse, na rubuta shafi uku. Ban ɓoye komai ba, har da ƙaramin rubutun da na ƙi karantawa da katin da na gani a aljihunsa ban karɓa ba.

Ya karanta. Ya koma farko ya sake karantawa, yatsansa mai ƙasa yana bin layi. Sannan ya ce, da murya ƙasa-ƙasa irin wadda ban san yana da ita ba, "Sun neme ni?"

Na gyaɗa kai.

"Mutum nawa?"

Na rubuta: ban sani ba.

Ya daɗe yana kallon kunyoyin dankalin. "Wata shida ina tambayar kaina me na ɓata a ɗinkin. Na farke jaka biyar ina neman kuskuren. Ban samu ba, sai na ce to ni ne kuskuren."

Ina kuka na rubuta masa cewa na karɓi lambar matar, zan yi masa sabuwar lamba wadda ba ta mutuwa, zan nemo masa keke ko na haya ne, mu sake farawa. Ya riƙe hannuna ya hana ni ci gaba da rubutun.

"Da kin bar ni da tunanin cewa ba sa so," ya ce. "Na riga na saba da shi. Wannan sabon ban san inda zan ajiye shi ba."

Na ce ya yafe min. Ya ce ya yafe, kuma na san da gaske yake. Amma ya ƙara da cewa, "Ƙanwata, ba zan iya sake irin wancan jiran ba. Ba ni da ƙarfinsa." Ya tashi ya koma huɗarsa. Da zan tafi ya cika min buhu da dankali in kai wa Mama, ya raka ni har bakin titi, ya tsayar min da mota.

Duk da haka na kira matar. Ta tausaya ƙwarai, ta ce sun riga sun saba da wanda ke yi musu, amma in ya dawo aiki ita za ta sayi guda. Na tura wa Yaya saƙon. Ya amsa da kalma ɗaya, na gode. Na ƙara gwadawa sau biyu a shekarar, ta bakin matarsa da ta bakin fastonsu. Daga baya matar tasa ta roƙe ni in bari, ta ce duk ranar da aka ta da maganar ba ya iya cin abinci.

Yanzu ina da ɗan shagona, kuma abin dariya, haɗa irin wannan lambar na cikin abin da nake ci da shi. Ta baƙi da fari nake yi wa kowa. Ina rubuta adireshin imel ɗin ɓaro-ɓaro a ƙarƙashinta, da lambar waya, ko mai aikin ya ce ya ɓata masa ado. Bayan wata guda ina bin mutum in ce ya turo min hoton katin in sake haskawa. Suna cewa na cika naci.

Mutane kan ce kuskure makaranta ne, ni ban cika son jin wannan ba. Ni na yi karatun, wani ne ya rasa sana'arsa. Kuma idan na zauna na yi tunani, ba rubutun da ban karanta ba ne ya fi ci min rai, kowa na iya yin wannan. Mutum ya zo wajena sau uku yana cewa akwai abin da ba daidai ba, ni kuma na fi yarda da cewa duniya ce ta ƙi shi a kan in yi zargin aikin hannuna. Ya fi min sauƙi in yarda cewa ba a son kurma. Shi ma abin da ya sa ya yarda da sauri ke nan, don tun yana yaro ake nuna masa haka.

Muna lafiya da shi. Yana zuwa Jos lokacin bukukuwa, muna ci a kwano ɗaya, yana tsokana ta a kan rashin aure. Ba mu sake ta da maganar ba.

Watan jiya na je ƙauye. 'Yarsa ta shiga firamare, ta dawo daga makaranta da jakar leda irin ta kasuwa, hannu ɗaya ya tsinke. Ta kai masa. Ya karɓa, ya juya cikinta waje, ya bi ɗinkin da babban yatsansa tun daga sama har ƙasa, a hankali. Na tsaya da abin da nake yi ina kallonsa. Sai ya miƙa hannu ya ɗauko wani guntun igiyar buhu a ƙasa, ya ƙulle hannun jakar da ita, ya miƙa wa yarinyar, ya ce ta je ta cire kayan makaranta.